Shekarar da Yaya Sale Ya Ƙi Sa Wa Hurumi Wuta

Shekara talatin ke nan cif da muka binne yayana Malam Salihu, wanda duk ƙasar Burumburum ta sani da Sale Sarkin Baka. Ya rasu ne a ƙarshen kaka, an gama yankan dawa, daidai lokacin da hayaƙin ƙunar daji yake fara tashi ta wajen Falgore. Tun daga nan, duk shekarar da na hango wannan hayaƙi sai gabana ya faɗi, ko da kuwa ina zaune ne a ƙofar gidana a Tudun Wada, ba abin da ya haɗa ni da daji. Bana abin ya fi na kullum. Jikansa Habibu ya zo mini da maganar da ta hana ni jin daɗin abinci, wai zai sa wa ragowar hurumin garinmu wuta, ya share shi, baɗi ya shuka masara. Ba ni da ƙarfin hana shi, in ban da tsufa da alƙalami. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da ya faru a wannan fili, tun akwai wanda ya gani da idonsa.

Ga wanda ya tashi a birni, hurumi fili ne da gari yake ware wa dabbobi, ba a noma shi. Namu yana tsakanin gari da rafi, kuma da muna yara gambar da ke cikinsa takan ɓoye babban mutum. A bakinsa rugar Ardo Hammadu take tun zamanin mahaifinmu. Da damina shanunsa a nan suke kiwo, ba sa shiga shukar kowa. Da rani kuma su koma gonakinmu suna kwana, kashinsu shi ne takin dawarmu. Mata su ba da hatsi su karɓi nono, maza su yanki gamba su saƙa zana. Rabin abincin garin a kan wannan ciyawa yake, amma ba wanda ya taɓa tunanin cewa ita ma ciyawar tana da abin da take ci.

A tsakiyar shekarun 1950 na dawo daga makarantar koyon aikin gona, aka tura ni ƙasarmu a matsayin malamin gona. Shekarata ashirin da huɗu, ga gajeren wando na kaki, ga keke, ga littafi a aljihu. In na faɗi gaskiya, a lokacin gani nake duk wanda bai shiga aji ba bai san ƙasa ba, ko da a kanta aka yanke masa cibiya. Yaya Sale shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ne kuma ya bar ni na tafi boko a lokacin da dattawan gari suke ganin hakan zubar da yaro ne. Bai iya karanta ko baƙi ɗaya na boko ba, amma in na zauna ina zuba bayani yakan tsura mini ido yana murmushi, ya ce wa matarsa Ladi ta ƙaro mini fura, Malam ya yi jawabi maƙogwaro ya bushe.

Na dawo na tarar hurumin ya lalace. Gamba ta yi gajarta, ta yi tsilli-tsilli, ƙarangiya ta cike tsakani, abin da ya rage kuma ya yi rawaya tun ruwa bai ɗauke ba. Shanun Ardo suna fita kiwo su dawo ciki a lafe, nono ya ja baya. A gefe guda kuma gyaɗa tana tashe, kowa ƙasa yake nema, manoma sun dami dagaci da cewa filin da ba ya ƙosar da saniya gara a raba a noma. Sai ga Ardo ya zo fada da kansa, ya ce in abin ya ci gaba a haka zai kwashe ya yi kudu. Kowa ya san abin da ke bayan wannan magana. In ruga ta tashi, hurumi ya zama gona, gonakinmu kuma sun rabu da taki. Ana cikin haka Yaya Sale ya gyara zama ya ce, “Ranka ya daɗe, ƙanena ya yi karatun ƙasa. A ba shi damina ɗaya.” Dagaci ya dubi Ardo, Ardo ya gyaɗa kai. Ni kuwa na fito ina jin kaina, ban san wuyan yayana aka ɗora a kan karatuna ba.

Abin da aka koya mana mai sauƙi ne. In ganye ya yi rawaya, yunwar naitirojin ce, wato sinadarin da ke sa tsiro ya yi kore ya yi jiki. Na roƙo buhu uku na takin gwaji daga ofis, wanda ba komai cikinsa sai wannan sinadari zalla. Na auna wani yanki na hurumin da igiya, ruwa na zama na watsa. Mako biyu ciyawa ta yunƙura, har na fara zagayawa da keke ina kiran mutane su zo su gani. Daga nan ta tsaya cik, rawayar ta dawo. Na buɗe littafi, na rufe, na ce taki ne bai isa ba. Na ninka.

A wannan yanki da na ninka wa taki ne shanu suka shiga wata safiya bayan yayyafi. Kafin hantsi wata karsana ta fara haki, tana tangaɗi, ta zube. Da ƙyar aka samu aka sa mata wuƙa kafin rai ya fita. Ina tsaye aka yanka ta, jinin ya fito ba ja ba, wani irin baƙi-baƙi, wanda ko tsofaffin ruga suka ce ba su taɓa gani ba. Karsanar ta ƙaramar 'yar Ardo ce, ita aka ba ta ranar suna. Ardo bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya dube ni, ya dubi ciyawar, ya sa aka kore shanun, ya wuce. Har yau ban manta wannan kallo ba.

Kwana uku ban fita ba. A na huɗu Yaya Sale ya leƙo ya ce in taso mu zaga, kuma in bar littafin a gida, yau ya huta. Ya kai ni gonar wani maƙwabci inda dawa ta sha yunwa, ya nuna mini cewa tsofaffin ganyen ƙasa su ne suka yi rawaya, na sama kuma da sauran kore. Sannan muka shiga yankina, ya tsinko gamba ya miƙa mini. Ganyen ƙasa kore ne, sabon da ke fitowa daga tsakiya shi ne rawaya. “Waccan daga ƙasa ciwonta yake hawa,” in ji shi, “wannan daga sama yake sauka. Yaya za ka ba su magani ɗaya?” Wata biyu ina zagaya wurin kullum, ban taɓa sunkuyawa na duba wane ganye ne ya yi rawaya ba.

Bai tsaya nan ba. Ya ja ni zuwa gindin wata ɗorawa da ke ƙarshen igiyata. A nan, wuri bai fi faɗin tabarma uku ba, gamba ta yi kore shar, har ta wuce kafaɗata. Takin da na zuba a can shi na zuba a nan, ba bambanci. Sai ya gaya mini abin da ban sani ba. Shi maharbi ne, da hannunsa yake haɗa albarushin bindigarsa, kuma cikin kayan haɗin akwai farar wuta, wannan dutsen mai ruwan ɗorawa da ake sayowa a Kano wurin 'yan koli. Shekaru da suka wuce Ladi ta kore shi da dakanta daga gida, ta ce warin yana kama mata turmin tuwo. Tun daga lokacin a gindin ɗorawar nan yake daka ta, a nan yake wanke turminsa ya zubar da ruwan. Ya ce shekara da shekaru wurin bai fi sauran hurumin da wani abin kirki ba, sai bana da takina ya sauka a kai. A ganinsa, takina ba ƙarya ba ne, abokin tafiya ya rasa.

Na so in yi gardama, don babu wannan a littafina. Amma mutumin da ya kashe karsanar mutane ba shi da bakin gardama. Ranar da aka koma fada, manoma sun zo da shirin raba fili, Ardo kuma ya ce zai yi rani a gonakinmu kamar yadda aka saba, ruwan farko na sauka zai tafi. Yaya Sale ya sake gyara zama. A wannan karon bai ambaci karatuna ba. Ya ce shi ne yake roƙo, a ƙara damina ɗaya, in ba ta yi ba shi zai fara riƙe igiyar rabon. An yi ta gunaguni. Sai Ardo ya ce saboda gishirin da suka ci tare da mahaifinmu zai jira zuwa marka, ba zai ƙara kwana ɗaya a kai ba.

A nan ne maganar wuta ta shigo, kuma ita ce ta ci wa Yaya Sale sarautarsa. Al'adar garinmu ce, in an gama kaka dagaci ya sa rana, maharba su kewaye hurumi da karnuka da sanduna, Sarkin Baka ya ƙyasta ƙyastunsa ya sa wutar farko. Ba mai riga shi. A kama gafiya da zomo da fakara, yara su yi ta murna, bayan 'yan makonni kuma toho ya fito shanu su samu ɗanye. Kowa ya yarda toka taki ce, har ni mai kaki. Shi kuwa tun ranar ɗorawa wani abu yake cin sa. Ya ce da ni shi ya san abin da wuta take yi wa farar wuta, don kullum yana gani a bakin bindiga: hayaƙi take zama, ba ta barin ko toka. In dai ciyawa tana shan farar wuta daga ƙasa, to duk shekara da hannunsa yake aika ta sama.

Ranar ƙuna ta zo, gari ya taru, karnuka suna ta zillo. Ya fito da ƙyastun, ya juya shi a hannu, ya mayar aljihu. Ya ce bana ba zai sa ba, kuma yana roƙon kada kowa ya sa. Ban taɓa ganin taro ya harzuƙa haka ba. Maharba suka ce ya haukace, ƙanensa ya shayar da shi boko. Samarin ruga ma, waɗanda don su ake yi, suka ce zai hana shanunsu toho. Dagaci ya hana a ƙona tun da an riga an ba da damina, amma kafin mako ya zagayo maharba suka taru suka naɗa wani Sarkin Baka. Mutumin da ya gaji wannan ƙyastu daga kawunmu, ya riƙe shi shekara goma sha biyar, ya wayi gari ana wuce shi a hanya ba gaisuwa. Bai taɓa ce mini ni na jawo masa ba.

Wannan rani ban san yadda muka ƙare shi ba. Mun share hanya mai faɗi kewaye da hurumin don kada wuta ta tsallako, ni da shi, da fartanya, har tafina ya yi kanta. Duk hayaƙin da ya tashi, ko na mai suyar ƙosai ne, sai na fita na duba. Wata rana da tsakar rana wuta ta taso daga dajin yamma, har yau ban san ko ganganci ba ne, ta cinye kusurwa guda kafin mu kashe ta da ɗanyen reshe. Gashin girar Yaya Sale ya babbake, Ladi ta yi ta yi masa tsiya wai ya koma ɗan tsako. Shanun Ardo kuwa suka rame don ba toho. Yaya Sale ya kwashe harawarsa da karan gonarsa duka ya kai ruga, tumakinsa na gida suka koma cin dusa.

Da gajimare ya fara haɗuwa, sai Yaya Sale ya fito da farar wutarsa ta shekara guda, ba ta fi mudu ba. Ya daka ta lukui, ya cuɗa da yashi don ta watsu daidai. Ma'anar wannan, ga wanda bai sani ba, ita ce bindigarsa za ta shekara a rataye. Muka ja igiya muka yanka ƙananan fegi huɗu. Na farko ba mu sa komai ba. Na biyu takina kaɗai. Na uku farar wuta kaɗai. Na huɗu muka haɗa su, kuma shi ya dage a kan in rage takin zuwa rabin abin da na fara zubawa bara. Ya ce wanda ya ci ya kasa haɗiyewa ba ƙarin loma yake bukata ba.

Sai jira. Mako ɗaya, biyu, uku, ba wani bambanci da ido zai kama. Ashe farar wuta ba ta narkewa nan take, sai ƙasa ta jiƙa ta yi aikinta a kai sannu a hankali, amma a lokacin ba mu sani ba. Kullum da sassafe nakan je in tsuguna ina buɗa tsakiyar gamba, in dawo ban ga komai ba. Manoma suka fara zuwa suna taka filin da ƙafa, kowa yana nuna inda yake so. A ruga mata suka fara kwance bukkoki, ana ɗaure ƙore a cikin raga. Na daina iya haɗa ido da yayana. Abin da ke raina shi ne na raba shi da sarauta, na raba shi da bindiga, ga shi kuma zai riƙe igiyar rabon hurumi da hannunsa a gaban mutanen da suka yi masa dariya.

Wajen mako na shida abin ya juya. Fegi na huɗu ya fara duhu, sabon ganye yana fitowa kore tun daga tsakiya. Kafin marka ta kankama ya kere sauran nesa ba kusa ba. Na farar wuta kaɗai ya ɗan fi wanda ba a sa wa komai ba. Na takina kaɗai yana nan da rawayarsa ta bara.

Ardo ya zo ranar da ya ɗiba, an riga an ɗora wa takarkarai kaya. Bai zo da mutane ba, da wata tsohuwar saniya ya zo, uwar garke, wadda ita ce ta haifi karsanar da ta mutu. Ya sake ta a bakin igiya. Ta shinshina fegin farko, ta wuce na biyu da na uku ba ko kallo, ta sa kai cikin na huɗu ta hau ci. Ni dai ba murna na yi ba, tsoro ne ya kama ni, domin bara ma ai ci karsanar ta yi. Muka tsaya mu uku, ni da Ardo da Yaya Sale, muna kallon ta. Rana ta take. Can sai saniyar ta daina ci, ta yi tsaye, ta durƙusa da gwiwoyin gaba, ta kwanta. Wallahi na ɗauka ita ma mutuwa za ta yi. Sai na ga muƙamuƙinta yana juyawa, tana tuƙa, tana kore ƙuda da wutsiya. Ardo ya bari har aka kira azahar, sannan ya juya ya ce da Yaya Sale, “Sarkin Baka, bari in je in ce su sauke kaya.” Shi kaɗai ne bai taɓa daina kiran sa da wannan suna ba.

Daga baya, da na kai rahoto, wani jami'i da ya girme ni a aiki ya warware mini abin. Tsiro yana shan naitirojin ne don ya gina jikinsa, amma ba ya iya ginin sai da 'yar farar wuta, kamar magini da aka tara wa ƙasa aka hana shi ruwa. In babu ita, wani takin ruwan sama ya wanke shi zuwa rafi, wani kuma ya taru ɗanye a cikin ganye, shi ne ya zame wa karsanar guba. Ƙasarmu dama ba ta da farar wuta da yawa, ƙuna kuma tana kwashe ɗan abin da ke akwai, har da naitirojin ɗin kansa. Ya ce ba sai mun daka ta maharba ba, takin supa da ake ba masu gyaɗa yana ɗauke da ita, haka ma wani taki mai kama da gishiri da ya haɗa sinadaran biyu. Da su muka farfaɗo da hurumin a shekarun da suka biyo, aka kuma koma ƙona shi jefi-jefi, yanki-yanki. Rahoton da na rubuta shafi huɗu ne, kuma ina jin kunyar faɗa, babu sunan Yaya Sale a ciki ko sau ɗaya. Na rubuta cewa “an lura”. Sarautar ba ta dawo masa ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Yanzu nakan zauna in ce, da zai ɗago kai ya ga ƙasar nan, me zai ce? Daga Yako zuwa Doguwa masara ce ko'ina, abin da a zamaninsa sai bayan gida. Buhunan yuriya a kan babura kamar ana rabo. Yuriya taki ne mai ƙarfi, ban raina shi ba, amma irin takina ne na gwaji, naitirojin zalla. Supa ta yi wuyar gani, wuta kuwa ba a jiran Sarkin Baka, duk yaron da ke da ashana sarki ne. Ina bi ta gonaki a ƙaramar bas ina hango masara da rawaya a ganyenta na sama, mai gona kuma yana ƙara zuba farin taki, daidai kuskurena ba ragi. In na yi magana a ce Baba ya tsufa. Ina jin da Yaya Sale ne ba zai yi jawabi ba, tsinko ganye zai yi ya miƙa wa mutum. Abin da zai fi ƙona masa rai, a ganina, shi ne jikokin Ardo. Hurumin an yi ta gutsurarsa har ya rage ɗan yankin ɗorawa, wanda dagacin wancan lokaci ya bari amana a hannun gidanmu. Nan kaɗai ya rage musu su tsayar da shanu da damina. In ya tafi, sai gefen titi da bakin dajin Falgore, kuma duk mai sauraron rediyo ya san abin da ke biyo baya in saniya ta rasa wurin tsayawa sai gonar mutum.

Habibu ba mugun yaro ba ne. Yana da mata da 'ya'ya huɗu, gonar da ya gada kuma kullum amfaninta raguwa yake duk da takin da yake zubawa. Lissafinsa shi ne, tun da gona ta gaji, a ƙara gona. Makon jiya na sa ya ɗauke ni a babur muka je, yana ta tsokanata a hanya wai in riƙe shi da kyau kada iska ta tafi da kakansa. Masararsa ta rani da yake ba ruwa a bakin rafi tana nan tsaye. Na tsinko ganyen ƙasa, na tsinko na sama, na miƙa masa, na tambaye shi wanne ne mara lafiya. Ya duba, ya sake dubawa, ga rawaya a jikin na sama. Daga nan na kai shi gindin ɗorawa na ba shi labarin nan duka, har da karsana, har da rahoton da ba sunan kakansa. Na ce gonarsa ba ƙasa ta rasa ba. In ya yarda, baɗi mu yanka fegi huɗu a cikinta, mu nemo taki mai farar wuta, in ba a samu ba turmin Yaya Sale yana nan a ɗakina. In masara ba ta ba shi abin da yake nema a hurumi ba, ni zan fara riƙe masa igiya.

“Kaka, kai fa yanzu damina ɗaya kake roƙo?” ya ce, yana 'yar dariya.

Na ce ita nake roƙo, kuma ba ni na fara ba.

Ya juya ya kalli gambar. Can nesa wani saurayi daga ruga ya tsaya da shanunsa yana kallon mu, ya san abin da ya kawo mu. Habibu ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalin ashana, ashe da shirinsa ya zo. Ya juya shi a hannu, sannan ya kama tafina ya ɗora.

“Riƙe mini zuwa marka,” ya ce. “Amma in ba ta yi ba, Kaka, zan zo in karɓa.”

Abin da ya rage na Yaya Sale ke nan in an auna: ba sarauta, ba suna a takarda, sai turmi guda, da ɗan fili mai gamba, da ɗabi'ar sunkuyawa a duba ganye kafin a ba da magani. Ban sani ba ko wannan zai ishi hurumin. Ashana ba wuyar samu take ba, kowane mai tebur yana da ita, rani kuma yanzu ya fara, ga shi ba ni da ƙafar share hanyar wuta. Shi da ya roƙa mini damina, yana da ƙarfin tsayawa ya tsare ta. Ni na roƙa ne ina dogara sanda, ban ma san ko zan ga markar ba. Allah ya jiƙan Yaya Sale, ya jiƙan Ardo Hammadu, ya sa sun huta. Kwalin yana nan a aljihun rigata, duk inda na shiga da shi nake shiga. Ɗazu da na hango hayaƙi ta wajen Falgore, sai da na laluba na ji yana nan.